Wakilin Sabo

Tun da Martins ya yi wayo bai taɓa faɗa da bakinsa abin da ɗan aike zai iya faɗa masa ba. Da ya ga Edna a Jos ya ji yana so, kawunsa ya tura. Da suka yi faɗansu na farko a Amurka, matar fasto ce ta kai ban haƙuri, alhali a gado ɗaya suke kwana. Kai, ko maƙwabcinsa na Mitchellville da karensa ke tone masa furanni, sai da Martins ya nemo wani ɗan coci ya je ya yi masa magana ta kan shinge. A ganinsa wannan ita ce tarbiyya. Babban mutum ba ya kai kansa gaban magana mai nauyi, wakili yake sa wa gaba, shi ya zauna a gida da mutuncinsa yana jiran sakamako.

To, sai Edna ta yi yaji.

Ranar bikin kammala jami'ar 'yarsu Sophia abin ya faru. Martins ya ce su yi gaba, zai ɗauko kyamara ya biyo su. Ya shiga gareji, inda kwalbar giyarsa ke ɓoye bayan gwangwanayen fenti, da niyyar ya ɗan jiƙa maƙoshi kawai. Da yamma suka dawo, Sophia riƙe da hularta mai kusurwa huɗu, suka same shi zaune kan injin yanke ciyawa cikin kwat ɗinsa mai tsada, yana sharar barci, kyamara rataye a wuya. Edna ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Shekara ashirin da huɗu tana faɗa a kan kwalbar nan, ranar kuwa akwati biyu ta haɗa ta tafi gidan yayarta Constance a Laurel.

Martins ya san abin da ake yi wa yaji, biko ake yi. Ya tura Baba Jang, dattijon cocinsu, mutumin da ko fasto ke rusuna wa. Baba Jang ya dawo da ƙullin dafa-duka a leda da saƙo guda: "Ta ce in tambaye ka, kai ba ka da baki ne?"

Ya tura matan zumunta su uku, da ankonsu. Su ma dafa-duka suka dawo da ita, da tambayar nan dai. Ya sa kawunsa ya bugo waya tun daga Pankshin. Edna ta gaishe da tsohon cikin ladabi har da durƙusawa a murya, ta tambayi ruwan bana da lafiyar awaki, sannan ta ce ya ce wa ɗansa tana nan, kuma ƙofar gidan Constance ba ta cizo. Wakilai suka ƙare. Gida ya yi shiru, shirun da har ƙarar firji mutum ke ji, kuma Martins ya tabbata idan ya yi wasa matar nan ta tafi ke nan. Wannan tunanin yana hana shi cin abinci.

A ofishinsu na gwamnati da ke unguwar Southwest, wata Laraba lokacin cin abincin rana, ya juya wa ƙofa baya ya buɗe waya yana neman taron masu son barin giya. Ya sha ji Edna na ambata irinsu, kasancewarta nas. Ashe garin cike yake da su, safe, rana, yamma, kamar tashar mota. Akwai ɗaya minti bakwai daga gidansa. Ya dubi wannan ya ce Allah ya kiyaye, a unguwar da rabin masu gidaje 'yan Najeriya ne? Kafin ya kashe mota labari ya kai Bukuru. Ya yi ta ja da yatsa har ya samo wani a Wheaton, ranar Asabar ƙarfe goma na safe, a ɗakin ƙasa na wata coci. An rubuta cewa taron a buɗe yake, kowa na iya zuwa, har da 'yan'uwa da abokan masu fama. Martins ya karanta wannan layin sau uku, ya ji wani sanyi a ransa.

Abin da ya manta shi ne a Wheaton kasuwar 'yan Afirka take. Yana fakin ya hango wata 'yar cocinsu tana loda galan ɗin manja a but ɗin motarta. Ya nutse cikin kujera har ta tafi. Da ya fito sai ya shiga wani shago ya sayi doya biyu, don idan wani ya gan shi a unguwar ya ga dalili a hannunsa. Da doyar nan a leda ya sauka matakalar cocin.

Kujerun ƙarfe ne a jere zagaye, mutum kamar ashirin, farare da baƙaƙe, da wata tukunyar kofi a kusurwa. Wata mata mai furfura da takalmin gudu, Linda, ita ke jan taron. Kowa ya tashi magana sai ya faɗi sunansa, ya ce shi mashayi ne, kai tsaye, ba ko sunkuyar da kai, sauran kuma su amsa masa da gaisuwa kamar ya faɗi abin kirki. Martins ya ji kunya ta kama shi a madadinsu. Wani ma har ya ba da labarin yadda ya kwana a cikin kwandon shara, aka yi ta dariya, shi ma mai labarin yana yi.

Linda ta tambaya ko akwai wanda yau ne zuwansa na farko. Martins ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya yi magana da Turancinsa na ofis.

"Sunana Martins. Ni dai wakili ne. Ƙanena Sabo ne ke da matsalar, amma mutum ne mai kunya, shi ya sa na zo a madadinsa in ji abin da ake faɗa in kai masa."

Babu wani Sabo, ba a Amurka ba, ba a Pankshin ba. Sunan wani mai faci ne da ya sani tun yana yaro, shi ya faɗo masa a baki.

Aka ce, "Barka da zuwa, Martins." Ba wanda ya yi murmushi. Linda ta ce suna murna da Sabo ya samu yaya irinsa, ya ci gaba da zuwa. Martins ya zauna yana yaba wa kansa. Turawa dai ba su da wuyar sha'ani.

Da aka tashi ya je wurin kofi. Mai kula da tukunyar wani dogo ne baƙi mai 'yar hula, da tabon sallah a goshi. Ya zuba masa, ya dubi ledar doya, ya dubi fuskarsa, sannan ya ce da Hausa, a hankali, "Sannu ɗan'uwa. Yaya mai jiki?"

Saura kaɗan kofin ya suɓuce. Martins ya yi tafiyar minti arba'in don ya guje wa Hausa, ga ta nan tana miƙa masa sukari.

"Ni Mumin ne," in ji dogon. "Ɗan Zangon Kumasi. Kada ka ji komai, abin da aka gani a ɗakin nan a nan yake kwana. Idan na haɗu da kai a waje ban san ka ba, sai in kai ka fara gaishe ni."

"Ai ba ni ba ne, Malam Mumin. Ƙanena ne."

"Na ji ai. A gaishe da Sabo. A ce masa yau kaɗai ake nema a wurinsa, kada ya sha yau. Gobe ma yi maganar gobe."

Martins ya ɗauki saƙon da muhimmanci, don shi wakili ne mai riƙon amana. Ya koma gida ya tsaya bakin gareji ya daɗe, sannan ya shige ciki ya dafa shayi. Ran nan Sabo bai sha ba. Washegari hannun Sabo ya yi ta rawa har ya kasa ɗaura agogo, ya yi gumi, ya zagi kowa a zuciyarsa har da karen maƙwabci, amma bai sha ba.

Haka Asabar ta riƙa bin Asabar. Kowane zuwa sai ya sayi doya biyu, kuma shi ko ferewa bai iya ba. Doya ta taru a kicin, ta cika kwando ta gangaro ƙasa, wasu har sun fara tsiro. A taro kuwa ya zama gwanin ba da rahoto. Sabo ya yi kwana shida. Sabo ya zubar da kwalbar da ke bayan fenti, ya kuma gano wata a cikin takalmin sanyi da shi kansa ya manta da ita. Matar Sabo ta tafi gidan yayarta. Sabo ya yi barci kan injin yanke ciyawa ranar bikin 'yarsa.

"Shi ma yana da injin yanke ciyawa?" Mumin ya tambaya a wurin kofi.

"Irin nawa ne sak. Tare muka saya."

"Allah sarki. Zumunci ya yi daɗi."

Martins ya dube shi da kyau ko zai ga alamar tsokana, bai ga komai ba sai mutum yana goge cokali. Daga baya Mumin ya ba shi lambar wayarsa, ya ce a ba Sabo, ko da wane lokaci abin ya taso masa ya kira. Shi direban motar kai marasa lafiya asibiti ne, wayarsa kullum a kunne take. Shekararsa tara bai sha ba. Ya ce shi nasa ya fi na kowa nauyi, don a Zango ko sunan abin ba a kamawa, ga shi kuma shi ke kiran sallah wani lokaci a masallacinsu.

A mako na huɗu Sabo ya zame. An yi bikin suna a gidan wani ɗan Kaduna, aka miƙo kwalba mai sanyi, kuma ƙin karɓar abin da mai gida ya miƙo rashin kunya ne. Ɗaya ta zama biyar. Ranar Asabar Martins ya iso taro ido jajur, ko doyar bai tsaya saya ba. Ya ba da rahoto da murya ƙasa-ƙasa, ya ce Sabo ya ba shi kunya, Sabo ba mutum ba ne, shi kam ya gaji da shi.

Bayan an tashi Mumin ya ja shi gefe. Wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Ɗan'uwa, ka daina zagin Sabo a gabana. Mutumin da ya yi kwana ashirin da biyu yana kokawa, ya faɗi, kuma ya sake turo ka da safen nan, ba abin zagi ba ne. Ka ce masa mun gode da ya dawo."

Martins ya kau da kai. Ya goge ido, ya ce kofin ne ya yi zafi.

Aka sake ƙirga daga ɗaya. Wannan karon Sabo ya yi amfani da lambar wayar, sau biyu daga wurin fakin na ofis, sau ɗaya daga bakin wani shagon giya, kuma abin mamaki muryarsa irin ta Martins ce sak. Mumin bai taɓa cewa komai a kan haka ba. Sai dai ya ce, "Sabo, juya motar. Ina kan layi har ka isa gida."

A taron akwai al'ada. Wanda ya cika kwana talatin ana ba shi wata 'yar lamba ja, kamar marfin kwalba, a tafa masa. Mumin ne mai rabawa. Ranar da Sabo ya cika talatin Martins ya sa riga mai guga, ya sayi doya har uku. Dabara ce ya zo da ita: ya karɓi lambar, ya ba Baba Jang ya kai wa Edna shaida. Ya riga ya tsara har kalmomin da dattijon zai faɗa.

Mumin ya ɗaga lambar. "Akwai mai kwana talatin?"

Martins ya miƙe. "Zan karɓa wa Sabo."

Mumin ya rufe tafin hannunsa. Da Turanci ya yi maganar, don kowa ya ji, amma a tausashe. "Yi haƙuri, Martins. Komai na ɗakin nan ana iya aikawa, gaisuwa, shawara, har kofi in kana so. Wannan ce kaɗai ba a ba ɗan aike. Mai ita ke zuwa ya karɓa." Sai ya ƙara da Hausa, "Nawa ƙanen sunansa Hayatudeen. Wata biyar ina zuwa a madadinsa. Linda tana nan, tambaye ta."

Linda ba ta jin Hausa, amma ta ji sunan. Ta ce, "Oh, Hayatudeen. Mun yi kewarsa."

Dariya ta zagaya ɗakin, mai taushi, irin wadda ake yi da mutum ba a kansa ba. Sai a lokacin Martins ya gane cewa tun ranar farko babu wanda ya yarda da Sabo, ko mutum ɗaya, kuma duk da haka kowace Asabar sun tambayi lafiyarsa. Ya tsaya a tsakiyar kujerun nan da ledar doya a gefen ƙafa. Ya waiga, wallahi ya waiga, kamar zai ga kawunsa ko Baba Jang a bayansa. Babu kowa sai allon sanarwar coci.

"Sunana Martins," ya ce. Muryar ta fito 'yar siririya, ya gyara ta. "Ba ni da ƙane Sabo. Ni ne. Ni mashayi ne. Ni na yi barci ranar bikin 'yata."

"Barka da zuwa, Martins," suka ce, daidai yadda suka faɗa ranar farko. Mumin ya sa masa lambar a hannu ya rungume shi. Martins ya yi kuka a gaban Turawa, abin da da wani ya ce masa zai yi da sai sun ɓata.

A wurin fakin, ido bai gama bushewa ba, tsohon hali ya motsa.

"Malam Mumin, da za ka taimaka ka raka ni Laurel. Kai ka iya magana. Kai za ka fara, ni sai in..."

"Ina da mara lafiya ƙarfe ɗaya," in ji Mumin. "Ko ba ni da shi ma ba zan je ba. Buɗe but in sa maka doyarka."

Ya biya gida ya kwashe sauran doyar, har masu tsiron, don bai san abin da ake riƙewa a hannu ba idan babu wakili. Tafiyar Laurel ba ta taɓa yi masa gajarta irin ta ranar ba. Ya yi fakin, ya zauna, ya kunna mota, ya kashe. Sannan ya ɗauki doya huɗu a ƙirji ya danna ƙararrawa da gwiwar hannu.

Constance ce ta buɗe. Ta dube shi, ta leƙa bayansa, ta leƙa cikin motar. Ba ta ko amsa gaisuwarsa ba ta juya ciki. "Edna, fito ki ga abin da ban taɓa gani ba."

Edna ta fito da kayan aikinta na asibiti, da alama shirin fita take. Ta rame kaɗan. Ita ma bayansa ta fara dubawa.

"Baban Sophia. Da wa ka zo?"

"Ba kowa."

"Wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni, Maman Sophia." Doya ɗaya ta zame ta faɗi kan matakala, bai bi ta ba. "Ni mashayi ne. Shekara ashirin da huɗu kina faɗa ina cewa sharri ne. Na ɓata wa Sophia ranarta, na ɓata miki shekaru. Ina zuwa wani taro a Wheaton. Yau kwanana talatin. Ban ce na warke ba, sun ce ba a cewa haka. Ina so ki dawo, gidan ba ya zaunuwa in ba ke."

Ya rasa hannun da zai ciro lambar, sai da ya jingina doyar da ƙofa. Edna ta karɓa ta juya ta gaba da baya. Ta san ko mece ce, ta sha ganin irinta a wurin marasa lafiya. 

"Ashe kana da baki," ta ce.

"Ina da shi."

"Ba yau zan dawo ba. Kuma Sophia ba ni za ka aika wurinta ba, da ƙafarka za ka je."

"Zan je."

Ta mayar masa da lambar, ta naɗe yatsunsa a kanta da hannunta, ta ɗan daɗe ba ta saki ba. Sannan ta dubi doyar da ke zube bakin ƙofar yayarta, da tsironta fari-fari.

"Wannan kuma fa? Gona ka buɗe?"

"Akwai wasu goma sha ɗaya a but."

Edna ta rufe baki da bayan hannu, kafaɗunta na rawa, shi dai bai tantance dariya ce ko kuka ba. Ta duba agogo. Ta ce saura minti arba'in ta fita, ya kwaso su ya shigo, kuma ya goge ƙafa don Constance ba ta son ƙasa a kafet. A kicin ta miƙa masa wuƙa ta nuna masa ta inda ake fara ferewa.